Wa Ke Amsa wa Ɗaliban Dakta

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Likita ne ya ce in riƙa rubutu, wai tunda ba na magana da kowa. Ni hawan jini ne ya kai ni wurinsa, ban je neman shawara ba. Amma ga wani littafin taro na ofis da ba a cika ba, na yage shafi uku na farko, shi ke nan.

Yau Darakta ya ba ni aiki. Jami'armu ta gwamnati tana da shirye-shiryen digiri na biyu guda shida da ake yi ta intanet, ɗalibi yana can garinsu yana aikinsa, yana kallon lacca a waya ko a kwamfuta. Hukuma na so a auna su kafin a sabunta musu izini. Ranar 28 zan miƙa rahoto. Shekara goma sha tara ina sashen tabbatar da ingancin karatu, wannan ba baƙon aiki ba ne a wurina.

Na ce masa, ranka ya daɗe, ka san mai ɗakina tana da kwas a shirin lafiyar al'umma, bai dace a ce ni zan auna ba. Ya yi dariya har da buga tebur. Mu uku ne a sashen, ɗaya ta tafi hutun haihuwa, ɗaya ya tafi ƙaro karatu.

"Kai da ake kira Sikeli? Ko mahaifinka aka ɗora maka sai ka faɗi nauyinsa."

Sai ya tambayi mai jiki. Na ce da sauƙi. Ya ce ai ya gani, daga kan gado ma tana amsa wa ɗalibai, kwas ɗinta kore shar a allo. Na ce alhamdu lillahi, na ɗauki fayil na fito.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 1:20 na rana

Allon da Darakta ke nufi yana ɗakin Injiniya, mai kula da na'urorin karatun nesa. Ɗaki ne mai sanyin tsiya, shi kaɗai a ciki da rigar sanyi da kofin shayi. A bango akwai babban allo, kowane kwas da ɗigonsa. In malami na amsa tambayar ɗalibi cikin kwana biyu, ɗigon kore ne. Daga kwana biyu zuwa mako, rawaya. In ya wuce haka, ja. Kwas arba'in da biyu, na ƙirga kore goma sha ɗaya.

Nata yana layi na uku daga ƙasa, ƙididdigar lafiya. Ban tsaya a kansa ba.

Na fara da shirin gudanarwa. Wani malami ya ɗauki lacca goma sha biyu fanka na kaɗa takardunsa, ba a jin komai sai fuu. Wani kuma abin da ke rubuce a allo yake karantawa kalma bayan kalma, kamar ɗalibansa makafi ne. Na danna hanyar shiga laburare, ta kai ni shafin da babu. Mutane na can suna hana kansu barci don wannan, mu muna nan muna rataya hotunan yaye ɗalibai a bango. Na rubuta komai, ban rage ba.

Talata, ƙarfe 7:00 na yamma

Yaya ta kira, yayar mai ɗakina. Ban ɗauka ba, ina wanka.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Tambaya uku sun shigo zauren tambayoyi na kwas ɗinta. An amsa.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 6:50 na yamma

Na dafa shinkafa ta caɓe. Na ɗora kwamfuta a ɗaya ɓangaren tebur, inda kujerarta take, na kunna lacca ta bakwai. Aiki ne, dole mai aunawa ya kalli laccoci.

A ɗakin nan aka ɗauke ta, ga labulen nan a bayanta. A minti na goma sha biyu ana jin ƙofa ta buɗe, ana jin cokali na kaɗawa a kofi. Ni ne. Ta ɗaga ido ta ce, "Ajiye can, ina aiki," sai ta juyo ta ce wa ɗalibai su yi haƙuri, mai gidan ne ba ya iya ganin mutum na zaman lafiya. Ta ce za ta yanke wurin, ba ta yanke ba.

Na mayar baya sau huɗu. Shinkafar dai ban cinye ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Na share gida. Gida hawa na uku, matakala hamsin da huɗu, shi ya sa aka ce jinya a gidan Yaya ta fi mata, tunda a ƙasa yake kuma kusa da asibitin gashin ƙashi. Kowa ya yarda da haka, har da ni.

Jan bironta goma sha ɗaya na tsinta, ɗaya a cikin firji. Mai Jan Biro nake kiranta tun muna samari. Wasiƙar farko da na rubuta mata, dawo mini da ita ta yi da gyara shida, a ƙasa ta rubuta: sake gwadawa, ina nan. Har yau da haka take rufe duk amsar da za ta ba ɗalibi.

Yaya ta turo saƙo, wai ko zan leƙo yau. Ban je ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 2:15 na rana

Wani farfesa na shirin gudanarwa ya faɗo mini ofis ba sallama. Ya ji na sa wa kwas ɗinsa alamar tambaya alhali ɗigonsa kore ne. Na ce eh kore ne, amma sakatariyarsa ce ke amsawa da sunansa, kuma amsa ɗaya take manna wa kowa: a duba littafi. Ya ce to meye, ba an amsa ba?

Raina ya ɓaci. Na ce masa ɗalibi da sunanka ya yi rajista, kai yake zaton yana magana da shi, in ba kai ba ne to yaudara ce ko da amsar daidai take. Na faɗa da ƙarfi har masinja ya leƙo. Ya fita yana cewa za mu haɗu a majalisar jami'a.

Bayan ya tafi na daɗe zaune. Na sha maganina kafin lokacinsa.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 6:20 na safe

Tambaya biyu. An amsa. Kore.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Ƙa'idar aikin ita ce in kira ɗalibai biyar daga kowane shiri, waɗanda kwamfuta ta zaɓo, in ji ta bakinsu. Yau na kira na lafiyar al'umma. Huɗu sun yi ƙorafin da na saba ji: intanet na yankewa ranar jarrabawa, sakamako na makara, ba wanda ke ɗaukar wayar ofis.

Ta biyar nas ce a wani ƙaramin asibiti mai nisa. Ta ce in yi sauri, hutun minti goma take. Ana jin kukan jariri da ƙarar keken majinyata a bayanta. Na tambaye ta wane kwas ne ya fi amfanar ta, ba ta ko yi tunani ba. Ta ce na Dakta mai ƙididdiga, ita ce ma ke duba mata aikin bincikenta. Ta ce sau biyu tana niyyar barin karatun, don mutum na zaune shi kaɗai da waya kamar ba kowa a ɗaya ɓangaren, Dakta ce kawai ke sa ta ji akwai mutum a jami'ar nan.

Na rubuta. Na ce akwai wani abu kuma?

"Sai dai kwanan nan ta canza. Da ba ta ba ka amsa, sai ta wahalar da kai ka nemo da kanka. Yanzu kana tambaya za ta ba ka. Ko gajiya ta yi, ban sani ba."

Na ce na gode, Allah ya ba da sa'a. Wannan na ƙarshen ban rubuta shi a fom ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 7:10 na yamma

Lacca ta bakwai. Burodi da shayi.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Yaya ta same ni a waya, da wata lamba ta kira. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ƙafar ta fara ɗauka, jiya ta taka daga gado zuwa taga da sanda. Hannun dama dai shiru. Ban tambayi ɗaya abin ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ta ce, "Malam, mako shida ke nan. In mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta juya."

Na ce aiki ne ya yi mini yawa, rahoto gare ni ranar 28. Ta ce to, Allah ya taimaka. Yadda ta faɗi "to" ɗin nan har yanzu yana kunnena.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Na sa kaya, na sauka, na tada mota. Na kai shataletalen da ke kusa da su, na zagaya sau biyu, na tsaya na sayi batirin agogo. Ban je ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 6:40 na safe

Nas ɗin ta rubuto a zaure, doguwar wasiƙa. Wata biyu da suka wuce ta tambayi mutum nawa ya kamata ta yi wa tambayoyi a bincikenta na masu ciwon suga, aka ce mata casa'in da shida sun isa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, bayan ta tashi aiki, wasu har gida. Ranar Alhamis ta gabatar a gaban kwamiti, suka ce adadin bai kai ko kusa ba, aikin ba zai karɓu ba. Lokacin da aka ɗebar mata ya kusa ƙarewa.

Ba ta zagi kowa ba. A ƙasa ta rubuta: Dakta, don Allah ke ce?

Ba a amsa ba.

Litinin, ƙarfe 6:00 na yamma

Na kai shirin ilimi da na aikin gona. Na ilimi ba laifi, malamansu na shiga zaure, jarrabawarsu da tsaro. Na aikin gona laccocinsu sun shekara bakwai ba a taɓa ba, wani malamin ma ya yi ritaya yana can yana kiwon kaji, a bidiyo kuwa yana cewa a same shi a ofis ranar Laraba. Na ba da shawarar a sauke su. Da na rubuta kalmar "sauke" sai na tashi na buɗe taga.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Wata huɗu da suka wuce, kwana biyu bayan ranar da shanyewar ɓarin jiki ta same ta, ina zaune a barandar asibiti da wayarta a aljihuna tana ta ƙara. Ɗalibai ne. Na san lambar sirrinta, ranar aurenmu ce, ba ta taɓa canzawa ba duk da faɗan da Injiniya ke yi. Wani ya tambayi ranar miƙa aiki. Na san ranar, tana manne a jikin firji. Na amsa masa. Hannuna da kansa ya ƙara: sake gwadawa, ina nan.

Na kai takardar hutun jinya sashensu, shugaban sashe ya ce za a sa wani ya riƙe kwas ɗin. Da ya duba allo ya ga kore sai ya ɗauka ta samu sauƙi tana yi daga gida. Ofishin karatun nesa kuma sun ɗauka sashe ya san abin da yake yi. Ni ne kaɗai na sani, ni kuwa kullum da asuba sai in buɗe littattafanta na jan biro in nemo tambaya mai kama da wadda aka yi, in kwafe. Casa'in da shidan nan daga wani misali na ɗauko shi. Kama ya yi mini da na nas ɗin. Ni ba ƙididdiga na karanta ba.

Ba don ɗalibai na yi ba, kar in yi wa kaina ƙarya. Muddin ɗigon nan kore ne, sunanta na kan jadawali, ita malama ce da ta ɗan tafi hutu za ta dawo. Ranar da ya koma ja za a sauke laccocin, a sa wani ya ɗauki sababbi, a cire sunanta. Daga nan sai abin da ke gidan Yaya ya zama shi ne gaskiya.

Ina jin kaɗaici, wallahi. Na faɗa.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Kwana biyu ke nan da tambayar nas. Yau zai koma rawaya.

Laraba, ƙarfe 3:00 na rana

Na je ɗakin Injiniya karɓar alƙaluman shiga da fita na kowane kwas, ƙa'ida ce a haɗa su a rahoto. Ya buga mini na arba'in da ɗaya. Na ce saura ɗaya. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya zuba mini shayi a murfin fulas, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce na'ura tana nuna daga inda aka shiga. Na Dakta, da asuba daga gidanmu ne, wannan ba komai. Amma sau goma sha huɗu an shiga da tsakar rana daga kwamfutar da ke kan teburina a ofis. Ya ce tun wata uku ya gani.

"Oga, ni na'ura nake gadi, ba mutane ba. In ka ce in ba ka shafin, zan ba ka. In ka ce firinta ta lalace, ta lalace."

Na ce zan yi tunani. Ina fita na kalli allon ba da niyya ba. Rawaya.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 7:00 na yamma

Na zauna zan amsa mata. Na rubuta "ni ce, ki yi haƙuri", na goge. Na rubuta "kwamiti ne ba su fahimta ba", na goge. In na tura ko kalma ɗaya ce zai koma kore, rahoto ya wuce, ba wanda zai sani sai ni da mai rigar sanyi. Ita kuma nas ta ci gaba da jiran matar da ba za ta amsa ba.

Na kunna lacca ta tara don in huta. A nan ne take cewa wanda ya ƙara wa adadi mutum ɗaya da bai gani da idonsa ba, ya ajiye aikin lafiya ya je ya nemi wata sana'a. Tana faɗa tana nuna kyamara da biro. Na rufe kwamfutar.

Asabar, 22 ga wata

Ban fita ba. Ban je ba.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Akwai abin da ban rubuta ba ranar Talata.

Zuwana na ƙarshe gidan Yaya, mai ɗakina tana zaune a kujera aka bar mu mu biyu. Ta kalle ni, ta buɗe baki za ta faɗi wani abu. Matar da ke tsayar da ɗalibi ɗari biyu da murya ɗaya. Abin da ya fito ba kalma ba ce. Ta sake, wuyanta har ya kumbura, yawu ya zubo ta gefe. Ni kuwa na kau da kai. Na duba agogo, na ce na bar mota a rana, na fita. Ta ga lokacin da na kau da kan.

Tun daga ranar na gwammace in ci abinci da ta cikin kwamfuta. Ita ba ta wahala wajen magana, kuma ba ta ganina.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Na ce wa Injiniya ya buga shafin. Ya dube ni ta saman tabarau, ya buga. Firintar lafiyarta ƙalau.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 4:45 na yamma

Ɗigon ya koma ja tun shekaranjiya da yamma. Darakta ya aiko a tambaye ni ko jikin ne ya tashi.

Na gama shirye-shirye biyar. Uku na ce a sabunta, ɗaya da sharaɗi, na aikin gona a dakatar sai sun sake laccoci. Na kuma rubuta cewa allon launuka ƙaryarsa ta fi gaskiyarsa yawa, don yana auna saurin amsa ne, ba ya auna wanda ya amsa.

Na shida na bar shi sai ƙarshe. Shafi ɗaya da rabi, awa huɗu. Na rubuta cewa malamar kwas ɗin ba ta koyar ba tun wata huɗu kuma ba ta san abin da ake yi da sunanta ba. Na rubuta wanda ya yi, da sunan da ke jikin katin aikina. Na ce a sa malami cikin mako ɗaya, a sake duba duk amsoshi sittin da uku da aka bayar, a ƙara wa nas ɗin zango guda ba tare da an ɗora mata laifi ba. Na duba rubutun sau uku ko da kuskure, kamar wata za ta dawo mini da shi.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 1:10 na rana

Na kira nas ɗin a lokacin hutunta. Ta gane muryata, mai tambayoyin nan. Na ce eh, kuma ni ne mijin Dakta, kuma ni ne nake amsa miki tun wata huɗu. Na gaya mata sauran a taƙaice.

Ta tambayi ko Dakta na da rai. Na ce tana nan. Na ji ta sauke numfashi.

"Allah ya ba ta lafiya. Kai kuma ban san abin da zan ce maka ba. Akwai tsohuwar da na je gidanta sau uku kafin ta yarda ta yi mini magana."

Na ce ki yafe mini. Ta ce ana kiranta a ɗakin haihuwa, ta kashe.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

Na miƙa. Darakta ya fara daga baya, kamar yadda ya saba, don haka shafin ya fara gani. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya ce me ya sa ban zo na same shi tun farko ba, ai da an san yadda aka yi. Na ce shi ya sa ban zo ba.

Za a kafa kwamiti. Kafin nan in miƙa makullin ofis, in zauna a gida. Wani daga waje zai sake auna shirin lafiya, wataƙila duka shidan. Farfesan gudanarwa zai sha dariya, haƙƙinsa ne.

Da zan fita ya ce, "Sikeli." Na juyo. Ya ɗaga mini hannu kawai.

Na bi ta ɗakin Injiniya. Ranar Litinin za a sauke laccocin. Ya miƙo mini filashi, ya ce ya kwafe mini laccocinta duka goma sha huɗu. Na sa a aljihu, na gode masa. Yana cikin durowa yanzu tare da takardun mota.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Yaya ce ta buɗe ƙofa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce na rame kamar ni ne mai jinyar. Ta ce tana ɗakin taga, ita za ta shiga maƙwabta, kuma ba za ta yi sauri ba.

Mai Jan Biro ta yi furfura a gaba, ko dai da rini take yi ban sani ba. Hannun dama na kan cinya. Ba ta yi murmushi ba. Na gaishe ta, na ja kujera, na ajiye takarda biyu a kan ɗan teburin da ke gabanta, tambayar nas da amsar da na bayar, na ɗora jan biro a kai. Sannan na faɗa mata komai, daga barandar asibiti har makullin ofis. Da na kai inda za a cire sunanta sai ta rufe ido. Na jira ta buɗe.

Ta jawo takardar da hannun hagu. Ta daɗe tana karantawa. Ta ɗauki biron, ya suɓuce, na kai hannu ta buge mini shi. Ta sake ɗauka. Ta zagaye casa'in da shidan nan da wani karkataccen da'ira, har biron ya huda takarda. Ta gangara layi biyu, ta ƙwanƙwasa wani wuri da na sa goma. Ta turo mini takardar da biron.

Na ce nawa ne daidai? Ta harare ni. Wata huɗu ba magana, amma hararar tana nan yadda na san ta.

Na duba tambayar nas, ashe biyar ta rubuta, ni na kwafo goma daga misali. Na lissafa a bayan takarda, na samu wani abu, ta buga tebur. Na sake, ta buga. A na uku na samu ɗari uku da tamanin da huɗu. Ba ta buga ba.

Sai ta buɗe baki. Na ga wuyan ya fara kumbura, na ji ƙafafuna suna neman ƙofa. Na riƙe gefen kujera da hannu biyu. Sautin ya fito, ban gane ba. Yawu ya zubo, na ɗauki tawul na goge mata, ban duba agogo ba. Ta sake, ban gane ba. Idonta ya ciko, ta juya wajen taga.

Na ce, "Sake gwadawa. Ina nan."

Ta juyo ta daɗe tana kallona. Sai ta ɗauki biron ta jefe ni da shi, ya same ni a ƙirji, ya bar jan ɗigo a farar rigata. Rabin bakinta yana dariya. Ta sake gwadawa. Har Yaya ta dawo ban gane ba, muna dai kai.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Ban wanke rigar ba. Na ɗebi sauran biro goma na sa a leda. Yaya ta ce ƙarfe goma take gama motsa jiki, kar in makara.